Jigo, gundarin magana da ƙullin ma'ana: ina suka rabu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Marwa, bana zan zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare in Allah ya yarda. Malaminmu na adabi ya ba mu aiki kan littafin Munyal, ya ce mu fito da jigonsa. Na rubuta 'haƙuri'. Da takarda ta dawo sai na ga ya ja layi da jan biro, ya ce wannan concept ne, bai kai thème ba. A aiki na biyu na rubuta cewa an aurar da Ramla ga wanda ba ta so. Ya ce wannan kuma idée principale ce ta sashe ɗaya kawai. Malam, kaina ya ɗaure. Mene ne bambancin abubuwan nan uku? Don Allah a yi mini bayani da Hausa ko na gane."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fito daga wannan jarrabawa da farin ciki. Na ji daɗi da kika ce a yi miki bayani da Hausa. Na daɗe da lura cewa yaranmu da yawa sun fahimci labarin da suka karanta sarai, kalmomin da ake nazarinsa da su ne ba su zauna musu ba, tun da ba da su aka yi musu tatsuniya a tsakar gida ba.

In na fahimce ki, so kike a raba miki abin da Faransanci ke kira concept, da idée principale, da thème. Kin ba da amsa sau biyu, duka an mayar miki. To ki kwantar da hankalinki. Malaminki yana da hujja, ke ma ba ɓata kika yi ba. Karon farko kin kawo abin da ya fi littafin faɗi, karo na biyu kin kawo abin da bai kai faɗin littafin ba. Jigo yana tsakanin amsoshin nan naki, kuma da su za a gina shi. Na haura shekara 20 ina koyar da adabi a nan Garwa, ina kuma duba takardun ɗalibai, kuma amsoshin nan biyu su na fi cin karo da su kowace shekara.

Inda ruɗanin ya faro

Kalmar thème daga Girkanci ta fito, ma'anarta ta asali ita ce abin da aka ajiye, wato abin da aka ɗora gaban mutane don a yi magana a kansa. Wanda ya yi karatun zaure zai ji wannan ya tuna masa da maudu'i, wanda shi ma daga kalmar Larabci mai nufin ajiyewa ya fito. Saboda haka a bakin jama'a thème yana aiki biyu. In an shirya taro aka ce thème ɗinsa shi ne karatun 'ya'ya mata, maudu'i ake nufi, kalma biyu ko uku sun wadatar. In kuwa malamin adabi ya ce a fito masa da thème na littafi, sau da yawa yana neman abin da ya wuce haka, yana so ya ji yadda wannan littafi, shi kaɗai, ya riƙi maudu'in, da abin da ya nuna game da shi. Ɗalibi na jin kalma ɗaya, malami na nufin abu biyu, sai a yi ta saɓani. Hausa ta sauwaƙa mana, don muna da maudu'i daban, muna da jigo daban.

Ƙullin ma'ana

Mu fara da concept, tun da shi kika fara kawowa. Ni a aji ƙullin ma'ana nake ce masa. Ki tuna mai sayar da gishiri ko kanwa a bakin kasuwa, yadda take ƙulla na sefa 25 ta jera a faifai. Haka kalma irin haƙuri take. An tattara abubuwa masu yawa da mutane suka gani a zaman duniya, an ƙulle su da suna ɗaya. Wanda ya jure ciwo bai yi raki ba, da wanda aka zaga ya haɗiye, da manomin auduga da ya shuka da damina yana jiran sai an auna an biya, duk haƙuri muke cewa sun yi. Kunya, mutunci, amana, zumunci, 'yanci, ƙaddara, duk irin wannan ƙulli ne.

Alamarsa ta farko ita ce ba littafin ne ya haife shi ba. Tun kafin a haifi wadda ta rubuta Munyal ana faɗin munyal, wato haƙuri da Fulatanci, a Marwa. Fulani suna lissafa shi cikin ginshiƙan pulaaku, wato halayen da ake son Bafulatani da su, tare da semteende, wato kunya, da hakkiilo, wato hankali. Mu ma haka. A 1974 wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, ya yi nazarin abin da Bahaushe ke nufi in ya ce wane mutumin kirki ne, ya lissafa halaye 10, kuma haƙuri na cikinsu tare da gaskiya da amana da karamci da kunya da sauransu. Marubuci yakan tarar da ƙullin a hannun jama'arsa, ya ɗauka ya shiga da shi cikin labari.

Alama ta biyu ita ce ta sa malaminki ya ja layi. Ƙullin ma'ana bai ce komai ba tukuna. In na shigo aji na ce "haƙuri" na yi shiru, ba wanda zai ce mini gaskiya ne, ba wanda zai ce ƙarya ne. Ba a musu da shi, don bai yi da'awar komai ba. Littafi ɗari za su iya ɗaukar wannan kalma, wani ya nuna mahaƙurci mawadaci, wani ya nuna haƙurin da ya kashe mai shi. Wanda ya rubuta "haƙuri" kaɗai bai gaya mana wanne daga cikin ɗarin ya karanta ba.

Akwai wani nau'in ƙulli da ya kamata ki sani, shi ne na kayan aikin nazari: kamantawa, siffantawa, kinaya, habaici, zambo, tauraro, mai ba da labari. Su ma concept ake ce musu. Matsayinsu na almakashi da abin awon tela ne, da su ake yanka ake aunawa, amma ba wanda ke sa su a jiki ya tafi biki. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta cewa jigon waƙa shi ne habaici. Habaici hanya ce da mawaƙin ya bi, sai a sake tambaya: ya bi ta don ya isar da me?

Gundarin magana

Idée principale kuwa ni gundarin magana nake ce mata, kuma kin iya fito da ita tun kina ƙarama. A ce innarki ta aike ki gidan gwaggonki kan maganar biki. Gwaggo ta zaunar da ke, ta gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ba ki labarin ciwon ƙafarta, da tsadar gero, da baƙin da ta yi daga Kusiri, kusan rabin awa. Kin dawo, inna ta ce, "Me ta ce?" Kika ce, "Ta ce ba za ta samu zuwa ba sai bayan salla." Wannan jimla ita ce gundarin magana. Kin zubar da gaisuwa da ƙorafi, kin riƙe abin da aka je nema.

Ki lura da siffarta. Cikakkiyar jimla ce, tana da mai aiki da aikin da ya yi. Tana manne da wuri guda a rubutu, har za ki iya ɗora yatsa ki ce daga shafi kaza zuwa shafi kaza. Tana kuma ɗauke da sunaye da abin da ya auku. "An aurar da Ramla ga wanda ba ta so" ta cika duk wannan, shi ya sa malaminki bai ce ƙarya kika yi ba. Matsalar ita ce littafin mata uku ne ke ba da labari a cikinsa, Ramla da Hindu da Safira, jimlarki kuwa ta ɗauki ɗaya ta bar biyu a waje.

Dalilin da ya sa ɗalibai ke rikita wannan da jigo yana da nasaba da yadda muke koyar da su. Tun a ƙananan azuzuwa muna ba su rubutun jarida ko na muhawara mu ce su taƙaita. A irin wannan rubutu marubuci yakan faɗi matsayinsa da bakinsa, sau da yawa a farkon sakin layi ko a ƙarshensa, saboda haka gundarin maganarsa da saƙonsa kusan abu ɗaya ne. Sai yaro ya saba cewa abin da ake nema yana nan kwance a shafi, tsinta kawai za a yi. Ranar da aka ba shi ƙagaggen labari sai ya yi ta neman jimlar da zai ja wa layi. Mai ƙaga labari kuwa ba kasafai yake fitowa ya faɗa ba, mutane yake jerawa ya bar su su rayu a gabanki.

Jigo

Kalmar kanta za ta taimake ki. Kafin injin ban ruwa ya yawaita, masu lambu a bakin kogi da jigo suke ɗebo ruwa: dogon itace da aka ɗora kan gwafa, gefe ɗaya an ɗaura masa nauyi, ɗaya gefen igiya da guga. Ina yaro na ga ana aiki da shi a lambunan rani. Haka kuma in an ce wane jigo ne a gidansu ko a jam'iyyarsu, ana nufin shi ne wanda nauyin kowa ke kansa. Duka ma'anonin biyu sun shiga nazarin adabi. Jigo shi ne abin da dukan littafin ya rataya a jikinsa, in an zare shi sassan su watse, kowa ya kama gabansa. Kuma ba a samunsa a saman ƙasa, jawo shi ake yi daga ƙasa.

Masana adabin Hausa sun yi mana aiki mai kyau a nan, kuma ina baƙin cikin yadda bai iso makarantunmu na nan Kamaru ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, a tsarinsa na feɗe waƙa, ya sa a bi matakai. Da farko a nemi furucin jigo, wato wurin da mawaƙi ya furta ko ya yi nuni da abin da ya sa a gaba. Sannan a kawo jigo a gajarce, a bi waƙar a taƙaita abin da baitocinta suka faɗa. Daga nan a zo warwarar jigo, inda ake kwance shi dalla-dalla da hujjoji. Ki duba matakin tsakiya da kyau, gundarin maganar nan ce da muka gama bayani, an jera ta ɗaya bayan ɗaya. Ashe tsani ce da ake takawa a hau zuwa ga jigo. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma, a nazarin waƙar baka, yana kiran jigo da sunan turke, yana kuma maganar tubalan ginin turke, wato ƙananan saƙonnin da makaɗi ke jerawa har babban ya tashi. Tubali ɗaya ba ɗaki ba ne, amma da shi ake gina ɗakin.

Bari in gwada miki da abin da kika sani tun kina goye, tatsuniyar Gizo da hankaki, yadda kakata take ba mu ita. An yi yunwa. Hankaki suna zuwa wani ɓaure a tsakiyar kogi suna ci. Gizo ya lallaɓe su, kowa ya ara masa gashi ɗaya, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Suka ji haushi, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace. Ya faɗa ruwa, ya iske kansa a gidan kada, ya yi kukan ƙarya ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami. Suka karɓe shi, suka kwantar da shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare ya cinye ƙwan, da safe kuma ya sa aka ƙetare da shi kafin asiri ya tonu.

In na ba ɗalibai wannan, hannu goma ke tashi kafin in rufe baki: "Kwaɗayi!" To, ƙulli ne, kuma daidai ne yana ciki. Wani ya ce, "Hankaki sun karɓe gashinsu." Gundarin maganar kashi na biyu ke nan. Sai mai wayon cikinsu ya ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala." Nan aji kan yi tafi, don ya kawo cikakkiyar magana, babu sunan kowa a ciki, ga ta kuma karin magana. Sai in tambaye su: wa ya wahala a ƙarshe? Su yi shiru. Gizo ya ƙoshi da ɓaure, ya ƙoshi da ƙwai, ya koma gida lafiya. Waɗanda suka yi asara su ne waɗanda suka yi masa alheri. Karin maganar ya rufe rabin tatsuniyar, rabin na biyu ya ƙaryata shi. In za mu faɗi abin da dukan tatsuniyar ta nuna, sai mu ce wani abu kamar haka: mai wayo marar kunya yakan rayu a kan karamcin mutanen kirki, kuma faɗuwa ɗaya ba ta sa ya tuba. Wannan ya ɗauki hankaki, ya ɗauki kada, ya ɗauki ƙarshen labarin. Ba shi da daɗin ji kamar karin maganar, amma shi tatsuniyar ta rataya a kai.

Na daɗe a kan wannan misali don cutar da ta fi kama yaranmu masu ƙoƙari ke nan. Harshenmu cike yake da karin magana, kowane hali da nasa, sai ɗalibi ya ɗauko wanda ya fi kusa ya kifa a kan littafin kamar murfin tukunya, ko ya yi daidai ko bai yi ba. Karin magana na jama'a ne, shi ma kafin littafin aka yi shi. Marubuci mai basira sau da yawa ya ɗauki alƙalami ne don ya gwada karin maganar, ya ga inda ya tsaya.

Yanzu mu koma littafinki. Djaïli Amadou Amal, 'yar garinku, ta fitar da shi a 2017 da suna Munyal. Da aka sake fasalinsa aka buga a Faransa a 2020, sai aka sa masa Les Impatientes, wato marasa haƙuri, kuma da wannan suna ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a shekarar. Ki tsaya ki dubi wannan. Labari ɗaya, suna ɗaya ya ce haƙuri, ɗayan ya ce rashinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa kalmar ba ta isa jigo ba, jigon yana cikin abin da ya faru tsakanin kalmar da matan da ake faɗa wa ita.

Sai ki jera tubalanki. Ramla an raba ta da wanda take so da karatunta, an ba wani attajiri da ya girme ta. Hindu an haɗa ta da ɗan'uwanta mai shaye-shaye da duka. Safira tana zaune a ɗakinta aka kawo mata kishiya, Ramla ɗin nan. Kowace da irin nata ciwo, amma maganin da dangi ke miƙa musu guda ne, munyal. Tambayoyin da za ki yi wa littafin su ne: wa ke faɗin kalmar, wa ake faɗa wa, a wane lokaci, kuma me ya biyo baya? In kin bi su da gaskiya za ki iso wani wuri kusa da wannan: haƙuri, wanda hali ne na kirki, yakan koma abin rufe bakin wanda aka zalunta in aka ɗora shi a kan ɓangare ɗaya kawai. Ba na so ki kwafe jimlata. Ki gina taki da abin da idonki ya gani a shafukan. Amma ki lura da yadda amsoshinki biyu suka shiga ciki: haƙurin da kika fara kawowa yana nan, auren Ramla kuma ya zama hujja ɗaya cikin uku.

Yadda nake sa ɗalibaina su yi

In muna karanta littafi, ina sa kowa ya ware takarda. Ƙarshen kowane babi ya rubuta jimla ɗaya tak, abin da ya faru. A bayan takardar kuma ya riƙa rubuta duk kalma ko hoton da ya ga yana dawowa, ko ƙofa ce da ake yawan rufewa, ko ruwa, ko wata kalma da manya ke maimaitawa. Marubuci ba ya maimaita abu a banza. Sai an gama littafin kaf nake yarda a yi maganar jigo, don ƙarshen labari yakan juya ma'anar farkonsa, kamar yadda kika gani ga Gizo.

In ɗalibi ya kawo jimlarsa, gwaji biyu nake yi mata. Na farko in ce ya cire sunayen taurari, wato mutanen cikin labarin. In jimlar ta mutu da cire sunan, gundarin magana ce, bai hau sama ba tukuna. Na biyu in ce ya ambaci wasu littattafai ko fina-finai uku da jimlar za ta dace da su ba tare da an canza komai ba. In ya samu cikin sauƙi, ya hau ya wuce, ya koma ƙullin da kowa ke da shi. Jimlar da ta rayu babu suna, ta kuma ƙi zama a kan kowane littafi sai wannan da 'yan'uwansa na kusa, ita nake karɓa. Bayan haka sai ya kawo mini wurare uku daga sassa daban-daban na littafin da suka tsaya mata, ya kuma nemi wuri ɗaya da ya yi kamar ya saɓa mata. Wannan na ƙarshe ɗalibai ba sa son sa, amma shi ke gyara jimla.

Wani abu da nake yawan gogewa a takarda shi ne jimlar da ta fara da "ya kamata". Ya kamata iyaye su daina auren dole, ya kamata mu guji kwaɗayi. Darasi ke nan, kuma ba laifi ba ne mai karatu ya ɗauki darasi. Mun taso cikin waƙoƙin wa'azi, inda malami ke fitowa fili ya yi horo ya yi hani, kuma a can horon shi ne jigon, babu ja. Amma ƙagaggen labari nunawa yake yi. Ki fara faɗin abin da ya nuna, darasin da kika ɗauka ki ajiye shi zuwa rufewar sharhinki in an nemi ra'ayinki.

Wannan rabewa za ta yi miki amfani a zauren jarrabawa. In kin zaɓi taƙaita rubutu, gundarin maganar kowane sakin layi ake nema, a jere yadda marubuci ya kawo su, ba tare da kin sa bakinki ba. In sharhin wani yanki kika zaɓa, ƙananan jigoginsa ne za su zama ginshiƙan aikinki, kowanne da salon da aka gina shi da shi. In kuwa wata magana aka ba ki a ce ki tattauna, kada ki rubuta komai sai kin kwance ƙulle-ƙullen da ke cikinta, kin faɗi abin da kowace babbar kalma ke nufi a wannan wuri. Takardu da yawa a nan suke karkacewa tun layin farko.

Inda maganata ta tsaya

Ba zan ɓoye miki ba, masana ba su haɗu a kan kalmomin nan ba. A nazarin Hausa kanta za ki ji ana cewa jigon wa'azi, jigon yabo, jigon soyayya, jigon siyasa, kalma ɗaya ɗaya. Wannan rabon gida-gida ne, don a san dangin da waƙa ta fito, kuma waɗanda ke faɗin haka ba sa tsayawa nan, sai sun warware. Littattafan koyarwa na Faransanci da yawa kuma suna barin thème a matsayin abin da ake magana a kai, su kira abin da aka ce game da shi propos ko thèse. A wannan tsari, "haƙurin da ake ɗora wa mata a gidan aure" ya isa thème ko da bai zama cikakkiyar jimla ba. Mai yiwuwa ma iyakar abin da malaminki ya nema ke nan, ki ɗaure kalmar da mutane da wuri. Saboda haka ki same shi bayan darasi, cikin ladabi, ki roƙe shi ya ba ki misali ɗaya na amsar da yake karɓa. Shi ya san tsarin da ake duba takardunku da shi, kuma sunan da ya ba kowane mataki shi za ki yi amfani da shi a takarda.

Gwaje-gwajena ma ba ko'ina suke ci ba. Akwai gajerun waƙoƙi da ba su ɗauke da wata da'awa, wani yanayi kawai suke sa ki a ciki, kewar gida ko sanyin asuba, in kin matsa sai kin fitar da jimla sai ki ɓata su. Akwai kuma manyan littattafai masu ɗauke da jigo fiye da ɗaya, har masu karatu biyu su fito da biyu daban, kowa da hujjarsa. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini ita abin da ta gani a littafin nan naku shi ne yadda mata da kansu ke miƙa wa 'ya'yansu wahalar da suka sha, uwa ta ba 'ya, gwaggo ta ba amarya. Ba abin da na shirya koyarwa ba ne a ranar, amma ta buɗe shafuka ta nuna mini, na kuwa ba ta makinta cikakke.

Ki ɗauko takardunki biyun nan da aka ja wa layi. Ki ƙara jimlar Hindu da ta Safira a ƙarƙashin ta Ramla, ki rubuta haƙuri a samansu, sannan ki zauna da tambayar wa ke faɗa, wa ake faɗa wa. Abin da ya fito ki kai wa malaminki kafin ya nema. Ki gaishe mini da iyayenki.